Yadda zaka gane tsuntsayen ruwa 'yan ci-rani, daga dam ɗin Tiga har bakin teku

Kowa a Kano ya san shamuwa. Da an ganta ta fara sauka kan kuka da tsamiya wajen Afrilu ko Mayu, manoma sun san damina ta ƙarato a fara sharar gona, idan kaka tayi kuma sai ta tattara ta nufi kudancin Afirka. Abin da yawancinmu bamu lura dashi ba shine, daidai lokacin da take tafiya wasu baƙin ne suke shigowa daga arewa, daga Turai da Rasha, sun tsallako Bahar Rum sun tsallako Sahara, su sauka a dam-dam ɗinmu da fadamu da gonakin shinkafa suyi rani a nan, sai wajen Maris zuwa Afrilu su juya gida. Ni 'yan ci-rani nake ce musu don babu sunan da ya fi dacewa dasu.

A cikinsu da akwai 'yan uwan tsuntsayen teku na sosai. Mu dai bamu da teku a Kano, amma 'yan Kano nawa ne a Legas da Kwatano da Lome suna neman abinci, nawa ne suke tsayawa bakin ruwan Jidda in sun je Umara? Zaka ga mutum ya tsaya fararen tsuntsaye suna ta shawagi a kansa, duk a idonsa iri ɗaya ne, alhali ƙila kala biyar ne a gabansa, wani daga Sweden ya taso wani daga Namibiya. Ni a nan gida na fara koyon rabe su, kuma wallahi duk wanda idonsa ya saba a Tiga da Kadawa, ranar da ya tsaya bakin teku rabin aikin ya riga ya gama.

Abu na farko, kuma shi nafi so ka riƙe ko da ka manta sauran: kada ka fara da launi. Kowa da launi yake farawa kuma kowa a nan yake ɓata. Dalili kuwa, lokacin da tsuntsayen nan suke wajenmu lokacin hazo ne, tsuntsun da ke nesa dakai kamar tsawon filin ƙwallo biyu duk toka-toka zaka ganshi, in rana tana bayansa kuma baƙi ƙirin zai zama ko da fari ne sol. Sannan ga babbar matsalar, ba da kayan ado suke zuwa mana ba. Hotunan da zaka gani a intanet yawanci an ɗauke su ne a can Turai lokacin da suke aure da ƙwai, sun ci kwalliya, mu kuma nan da kayan aiki suke zuwa, gashin ya koɗe, baƙin kan ya zube ya bar ɗan tabo kawai. In ka dage sai ka samu abin da ke cikin hoto zaka yi ta jira har Maris.

Toh da me za'a fara? Da girma. Ka auna shi da tsuntsun da ka sani tun kana yaro, ya kai gwara, ya kai kurciya, ya kai tantabara, ko ya kai hankaka, ko balbela, ko zalɓe. Balbela tana da amfani sosai a nan don kusan duk bakin ruwan da kaje tana nan, ita ce ma'auninka. Daga nan sai siffa, baki dogo ne ko gajere, miƙaƙƙe ne ko ya lanƙwasa, fiffike siriri ne mai tsini ko mai faɗi, jela ta rabu biyu ko a dunƙule take. Sai yadda yake tashi da yadda yake cin abinci, wannan shine yafi komai tona asirin tsuntsu don hazo baya ɓoye motsi. Sai ka tambayi kanka wane wata muke ciki. Launi shine na ƙarshe, shi ma ba duka jiki ba, wuri uku kawai zaka duba, baki da ƙafa da gefen ido.

Kayan aiki ba masu yawa bane. Madubin hangen nesa, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa shine daidai, wato yana jawo abu sau 8 kuma bakin gilashin milimita 42 ne, haske yana shiga sosai da asuba. Kada mai shago ya ruɗe ka da wanda aka rubuta 20 ko 30 wai ya fi ƙarfi, hannunka zai yi ta rawa baka ganin komai, ballantana a cikin jirgin ruwa. In na gwanjo zaka saya ka fito dashi waje ka kalli falwaya ko eriyar wani bene mai nisa, in ka ga abu ya zama biyu ko idonka ya fara ciwo cikin minti ɗaya ka ajiye musu kayansu. Sai ɗan littafi da biro, da hula, da kaya marasa haske, farar shadda mai sheƙi tun daga nesa take korar agwagi. A waya kuma ka sauke manhajar gane tsuntsaye mai suna Merlin, kyauta ce, ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu tun kana gida inda akwai sabis, zaka iya saka mata hoto ta baka sunayen da take zato. Amma ka fara gwada idonka tukunna kafin ka tambaye ta.

Wuraren zuwa kuwa Allah ya hore mana. Ga Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo aka gama a 1974, ga Bagauda kusa da ita, ga Challawa a Ƙaraye, ga Watari a Bagwai, ga Tomas ta wajen Ɗambatta, ga Wasai nan kusa ta wajen Minjibir. Gonakin noman rani na Kura da Kadawa a kan titin Zariya ni a ganina sun fi dam ɗin ma daɗin koyo, don ruwan ba zurfi, tsuntsayen suna kusa, kana tsaye kan kunyar gona kana ganin ƙwayar idonsu. Wanda kuma yake da hali da lokaci ya daure ya je dausayin Haɗeja da Nguru, Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe, nan ne uwa ma ba da mama. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka saka cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2000, mijin Sarauniyar Ingila ma Yarima Philip har Dagona ya zo a 1989 saboda tsuntsayen nan, mu da muke maƙwabta da yawanmu bamu taɓa lekawa ba, abin yana damuna gaskiya.

Ka yi sallar asuba ka kama hanya, ka isa kafin ƙarfe bakwai, zuwa goma rana ta ɗaga ruwan ya fara ƙyalli sai a haƙura sai bayan la'asar. Ka tsaya yadda rana zata kasance a bayanka. Kuma dan Allah kafin ka ɗaga madubi ka nemi mutanen wurin ka gaishe su, in da hali ka je wajen mai unguwa ko sarkin ruwa ka faɗi abin da ya kawo ka, yanayin da ake ciki baƙon da ya tsaya yana hange-hange da madubi dole a tsargu dashi. Kada ka juya madubin wajen gidajen mutane ko inda mata ke wanki, ko jikin ginin dam ɗin da wurin jami'an tsaro.

Gaisuwar nan ma riba ce dakai. Wata safiya cikin Janairu a bakin Tiga na tarar da wani dattijo masunci yana warware koma, sanyi har hannu baya miƙewa, nace Baba sannu da aiki, ya ruwa? Yace lafiya lau malam, me ake nema da sassafen nan? Da na gaya masa sai ya ajiye komar yace in mai kamun kifin nan kake nema ka dubi busasshen icen can da ya fito daga cikin ruwa, kullum nan yake karyawa. Na ɗaga madubi sai gashi kuwa a zaune, cikinsa fari tas, bayansa ruwan ƙasa mai duhu, da baƙin layi da ya ratsa ta idonsa kamar an ja masa kwalli. Ba'a jima ba ya tashi yayi sama, ya tsaya cak yana kaɗa fiffike yana kallon ƙasa, sai kawai ya saki jiki ya faɗo da ƙafafu a gaba, ruwa ya fantsama, ya taso da karfasa, yana cikin tashi ya girgiza jiki ya kuma gyara riƙon kifin ya maida kansa gaba. Wannan shine shahon kifi, daga ƙasashe irin su Finland da Jamus da Scotland yake zuwa. Abin da zai raba maka shi da shirwa, shirwa jikinta duk duhu ne jelarta kuma ta rabu, shi cikinsa fari, fiffikensa a karye a tsakiya in yana shawagi. Ƙananansu in sun zo karon farko basa komawa a shekarar, suna zama nan Afirka sai sun kai wajen shekara biyu, don haka in ka ga ɗaya da damina ba gizo idonka yayi maka ba.

Yanzu bari mu zo kan waɗanda na fi so, waɗanda nake kira tsattsewar ruwa, don fiffikensu siriri ne dogo mai tsini, jelar ta ɗan rabu, tashinsu ba nauyi kamar iska ce ke ɗauke dasu. Alamar dangin gaba ɗaya ita ce in suna neman abinci bakinsu ƙasa yake kallo. Wadda zaka fi gani a Kadawa da bakin dam ƙarama ce, jikinta bai wuce kurciya ba, fara da toka-toka, tana da ɗan baƙin tabo a bayan ido kamar ta saka abin jin waƙa a kunne. Bata nutso, sai dai ta sauko ta ɗan taɓa saman ruwa ta tsinci ƙwaro ta tashi, ta sake saukowa, haka zata yi ta yi tana fuskantar iska, in ta kai ƙarshen gonar ta zagayo ta sake farawa. Ka daure ka koma wurin a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu ka ga ikon Allah, tsuntsuwar nan da ka sani fara zata fara yin dabbare-dabbare, kafin ta tafi kanta da ƙirjinta da cikinta sun zama baƙi wuluk fiffiken ya rage fari. Tana da 'yar uwa da suke cakuɗuwa, wadda ta ɗan fi ta girma da kaurin baki, ita in ta sake gashi cikinta toka mai duhu yake zama, hular kanta baƙa, kumatunta fari kamar saje. Ta uku kuma ta fi su duka girma, bakinta baƙi gajere mai kauri, ita har kan busasshiyar gona take farautar fara da ƙananan ƙadangaru. In ka iya raba ukun nan a watan Disamba lokacin da duk farare ne, toh ka fara zama gwani.

Sai dangi na biyu da mutane ke haɗa su da waɗancan, ni tantabarar teku nake ce musu. Sun fi kauri, fiffike ya fi faɗi, jela a yanke take bata rabu ba, suna sauka kan ruwa su zauna kamar agwagwa kuma suna tafiya a ƙasa sosai, komai suka samu ci suke. Mai tokar kai da jan baki da jar ƙafa 'yar Afirka ce ba baƙuwa ba. Babbar mai baƙin baya da ƙafa ruwan ɗorawa ita ce ta Turai. In ka ga wata babba mai ruwan ƙasa da zane-zane kada ka ce sabon iri ne, yarinya ce, manyan nan sai sun yi wajen shekara 4 kafin gashinsu ya zama irin na iyayensu.

Agwagi da masu dogayen ƙafa ba zan daɗe a kansu ba. Kirinjijiya mai farar fuska da fito da dinya namu ne na gida. Baƙuwar da ta fi yawa wata 'yar ƙaramar agwagwa ce, namijin yana da farar gira mai faɗi daga ido har ƙeya, amma girar bata fitowa raɗau sai wajen Fabrairu zuwa Maris. Akwai mai dogon wuya da jela mai tsini kamar allura. A gonar shinkafa in ka ga garke ya tashi shiru babu kuka, wasu manya wasu ƙanana amma siffa ɗaya, iri ɗaya ne, mazan ne suka fi matan girma sosai. Ƙaramin da ke bin gaɓar ruwa shi kaɗai yana ta gyaɗa gindi sama da ƙasa, in ya tashi ya bi dab da ruwa fiffike a sandare, shi ma daga Turai yake.

Toh ga ka yanzu a bakin teku. A Legas wuri mai kyau shine Tarkwa Bay, da jirgin ruwa ake zuwa, ta wajen duwatsun da aka jera a bakin mashigar jiragen ruwa tsuntsaye suna son sauka. Daga Satumba zuwa Afrilu ne kasuwar take ci. Tunda tekun kudu yake dakai, da safe ka fi kallon ɓangaren yamma, da yamma ka kalli gabas. Ka nemi inda masunta ke jan koma ko bayan jirgin kamun kifi, nan suke taruwa. Ka fara gano tsuntsu da idonka, ka kafe shi da ido sannan ka ɗago madubin zuwa fuskarka ba tare da ka sunkuya ba, in ka sauke ido ka neme shi ka rasa don teku babu bishiya babu alama. A cikin jirgi kuma kada ka daɗe da madubi a ido, jiri da tashin zuciya zasu kama ka, kallo kaɗan ka sauke ka kalli inda sama ta haɗu da ruwa. In kun dawo ka goge gishirin da tsumma mai laushi mai ɗan danshi. Rigar kariya daga nutsewa kuwa ba a ciniki a kanta, ko a teku ko a dam, mu da muka ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Bagwai a 2021 bai kamata sai an roƙe mu ba, in jirgi ya cika ka jira na gaba.

A teku tsattsewar ruwa suna da yawa, kuma yawancinsu nutso suke yi da ka, sabanin tamu ta Kadawa. Baki zaka duba. Ƙatuwa kusan girman hankaka ko ta fi, mai jan baki mai kauri kamar karas, ita ce babbar dangin duka. Wadda ta ɗan gaza ta mai baki ruwan lemo da ɗan tukku a ƙeya 'yar gaɓar Afirka ta Yamma ce. Mai baƙin baki siriri da ɗan ɗigon ruwan ɗorawa a tsininsa daga gaɓar Turai take. Zaka ga kuma garken ƙanana masu kama da ta Kadawa sak, suna tsintar abinci a saman ruwa, ka duba gefen ƙirji dab da inda fiffike ya fara, in da akwai ɗan duhu kamar shafar gawayi toh ba ita bace, 'yar uwarta ce da ta fi son ruwan gishiri in ta zo ci-rani. Da damina kuma lokacin da na arewa suka tafi, wata 'yar mitsitsiya ce ke zuwa daga gaɓar Namibiya, kaga ita daga kudu take yin nata ci-ranin.

A cikin dangin nan ne ake da wadda tafi kowane tsuntsu doguwar tafiya. Nauyinta gram 100 ne da 'yan kai, tana ƙwai a can ƙarshen arewacin duniya, Greenland da Iceland da makamantansu, ta tafi har ƙarshen kudu wajen ƙanƙarar Antatika ta dawo. Masu bincike sun ɗaura wa wasu 'yar na'ura suka fitar da sakamako a 2010, aka ga suna cin sama da kilomita 70,000 a shekara, wato kamar ka yi Kano zuwa Legas sau 70, kuma wasunsu ta gefen tekun Afirka ta Yamma suke bi. Tana kama da wata ta gama-gari sosai har gwanaye suna shan wahala, in sun sauka ka dubi ƙafa, na mai doguwar tafiyar gajeru ne ƙwarai kamar a zaune take.

In kun yi nisa cikin ruwa motsi kaɗai ya ishe ka. Tsuntsu mai duhu mai ƙarfin ƙirji da ya saka wata tsattsewa a gaba yana kora har sai ta saki kifin bakinta ya cafe, ɗan fashin teku kenan, daga can arewa mai ƙanƙara yake. Wanda yake tafiya dab da igiyar ruwa fiffike a miƙe baya kaɗawa sosai, ya karkata dama ka ga bayansa ya karkata hagu ka ga farin cikinsa, wannan bai cika zuwa gaɓa ba sai don ƙwai. Ɗan ƙaramin baƙi mai fari a saman gindi da yake saukar da ƙafafu yana taka ruwa kamar mai rawa, shi ma dangi ne na daban. A Jidda kuma ka lura da tantabarar teku iri biyu masu duhu, ɗaya kanta baƙi da fari a sama da ƙasan ido da dogon jan baki siriri, kusan a Bahar Maliya kaɗai ake samunta a duniya, ɗayar ruwan ƙasa ce bakinta ya fi kauri da ja a tsini.

Duk abin da ka gani ka rubuta nan take kafin ka buɗe waya, kwanan wata, wuri, ƙarfe nawa, girmansa, bakinsa, abin da yake yi, su nawa ne. Wanda bai ganu ba ka rubuta siffarsa ka barshi haka, kada ka laƙaba masa suna don dai littafi ya cika. In ka samu tsuntsu da zobe a ƙafa, a koma ko a kasuwa, ba asiri bane ba kuma leƙen asiri bane, masu bincike ne suka saka don a san hanyar da yake bi, ka ɗauki hoton lambar da rubutun ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Da irin wannan aka gano zancen ci-ranin tun asali, a 1822 an harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta tashi dashi tun daga nan har can, tana nan ajiye a jami'ar Rostock. Mushe kuwa ko tsuntsun da ka gani yana layi kada ka taɓa da hannu kada ka kai gida wajen kaji, murar tsuntsaye tun 2006 take mana ɓarna, ka sanar da likitan dabbobi mafi kusa. A watan Janairu ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kuma ana yinta a Haɗeja da Nguru, in ka fara fita tun Nuwamba ko sau biyu ne a wata, zuwa lokacin idonka ya isa ka bi masu ƙidayar ka riƙe musu littafi.